Darussan da Na Koya a Bakin Baho

A banɗakin zamani akwai wani siririn layi da ba kasafai ido ke tsayawa a kansa ba: mahaɗar bakin baho da tayil ɗin bango. Faɗinsa bai fi milimita 5 ko 6 ba, amma shi ke hana ruwan wanka zurarewa ta baya. Ranar da ya buɗe, ruwa ba ya shela. Da kaɗan-kaɗan yake jiƙa filasta, sai bayan watanni a ga fentin ɗakin da ke jikin banɗakin ya kumbura yana ɓarewa, ɗakin yana warin danshi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa, ruwa kuwa tsagar da ƙadangare zai raina ta ishe shi.

Tun da kula da gidanmu ya dawo wuyana, na sha cire tsohon silikon, wato robar da ake cike irin wannan layin da ita, ina sa sabo, a baho da besin da wurin wanke-wanke na kicin. Ga abin da aikin ya koya mini.

Na farko, baho yana motsi. A gidaje da yawa farin siminti ake cusawa a mahaɗar, a ga ya yi kyau, kafin shekara ya dare. Dalilin a fili yake. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka bahon da ya ɗauki lita 100 ya ɗauki kilo 100, ga kuma nauyin mai wanka. Bahon roba yakan ɗan nutsa, bakinsa ya ja baya daga bango. Siminti ba ya miƙewa, silikon kuwa yana miƙewa ya koma. Saboda haka ake cika baho da ruwa kafin a fara, domin tsagar ta buɗe iyakar buɗewarta, a bar ruwan har aikin ya bushe. Mu da muke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ba sai mun yi asara ba: nauyi ake nema. Nakan shimfiɗa tsohon tawul a cikin bahon, in jera jarkoki huɗu ko biyar cike da ruwa, in aikin ya bushe a yi amfani da su.

Na biyu shi ne uwa-uba: sabon silikon ba ya kama tsoho yadda ya kamata. Duk wanda ya ga bakin baho ya yi baƙi, zuciyarsa takan raya masa ya shafa fari a kai a huta. Sati biyu zai yi yana ɗaukar ido, daga nan gefensa ya fara tashi, ruwa ya maƙale tsakanin tsoho da sabo, fumfuna ta samu mazauni. Baƙin nan kuma ba datti ba ne a sama, fumfuna ce da ta ratsa cikin robar, ko a shekara ana gogawa ba ta fita duka. Maganinsa cirewa.

A nan yawancin aikin yake. Da sabuwar reza nake yanka layi biyu, ɗaya ta jikin tayil, ɗaya ta bakin baho, sannan in kama bakin zaren in ja a hankali ya fito kamar taliya. Abin da ke wahalarwa shi ne 'yar siririyar fatar da ke saura, wadda ido ba ya gani sai yatsa ya ji santsinta. Ita nake kankarewa da tsohon katin roba, don ƙarfe yana zana bahon roba, zanen kuma ba ya gogewa. Akwai maganin narkar da ragowar silikon da ake sayarwa, yana taimakawa in an samu. Idan fumfuna ta shiga cikin tsagar, nakan wanke da bilic in ɗauraye sosai. Hattara a nan: kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanke masai, domin haɗin yana iya fitar da iska mai guba. Daga ƙarshe in goge da sifirit, ya kwashe maiƙon sabulu da na jiki. Sai a bar wurin ya kwana, taga a buɗe, fanka tana kaɗawa. Bayan tsohon silikon sau da yawa akwai ruwa a kwance, duk wanda ya rufe a kansa ya rufe ɓarna ne.

Na uku, ba kowane silikon ne na banɗaki ba. Wanda masu tagogin alminiyum da gilashi ke amfani da shi galibi ba shi da maganin fumfuna. A nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na banɗaki da kicin ne. Akwai mai warin tsami irin na ruwan khal, wanda ke fitar da asid yayin bushewa. Yana kama tayil da gilashi da kyau, amma yana ɓata mabul, kuma ba ya jituwa da tsurar siminti. Ga waɗannan sai a sayi marar asid. A duba kwanan watan da ke jikin kwalin, a guji wanda ya daɗe a rana gaban shago, domin tsohon silikon yana iya ƙin bushewa, ya zauna da danƙo.

Na huɗu, tsabtar aiki ba daga gwanintar hannu kaɗai take ba, daga shiri take. Nakan manna salatif na takarda layi biyu, sama da ƙasa, in bar tazarar da nake so a tsakani. In yanke bakin bututun silikon ɗin a karkace, daidai faɗin tsagar. In ɗora bindigar matsa silikon in tafi da gudu ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ina matsawa ya shiga ciki, ba ya hau sama kawai ba. Sai in bi da yatsa ko roba mai lanƙwasa sau ɗaya, in ba shi gangara yadda ruwa zai koma cikin baho. Yatsan kaɗai ake ɗan jiƙawa. In aka fesa ruwan sabulu ko'ina, zai shiga ƙarƙashin gefen ya hana kamu. Salatif ɗin a cire shi nan take, domin cikin minti 10 zuwa 20 saman silikon ya fara yin fata, in aka makara zai yage gefen. Maimaita shafa kuwa ɓata aiki yake yi.

Na biyar, jira. Silikon da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, kamar milimita 2 zuwa 3 a awa 24. Da damina yana sauri, da hunturu kuwa, lokacin da iskar arewa ta bushe ƙayau, yakan ja lokaci, sai in ajiye bokitin ruwa a buɗe a banɗakin in ƙara masa kwana. Wannan darasin na mutanen gida ne duka. Tun daren jajibirin aikin nake gaya wa uwargida da yara inda za a yi wanka, in kulle ƙofar in sa makulli a aljihu, don yatsan yaro ɗaya ya isa ya rusa aikin yini biyu.

In aka haɗa duka, zuba silikon ɗin bai kai rabin awa ba. Cirewa da gogewa da jira su ne aikin, kuma su ne ba a gani. Shi ya sa ba na ganin laifin masu gyara su kaɗai idan suka shafa sabo a kan tsoho. Mai gida ne ke so a gama yau, a kuma biya kuɗin minti 20. Idan ka kira mai gyara, ka ce masa, "Malam, a cire tsohon duka, a bar shi ya kwana, gobe a sa sabo," sannan ka biya shi zuwa biyu da daɗin rai. Kuɗin zuwan na biyu bai kai na buhun siminti da bokitin fenti da za ka saya in bangon ya jiƙe ba.