Kaftin, ga amsar maganar bindigar fenti

Kaftin,

Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi a jirgin ƙasa ina hanyar aiki. Sallamar ba ta kai numfashi ɗaya ba ka faɗa kan maganar kaya. Ko "Kawu, ya sanyin Hambog?" babu. To sanyi yana nan, gwiwar ma tana nan, na gode da tambayar da ka yi a zuci.

A takarda na rubuto maka don na san halinka. Abin da aka gaya maka a waya, kafin ka taka daga Adabraka zuwa Circle ya bi iska. Wannan ka manna ta a bango, saitin teburinka.

Na ga hoton jirgin. Wallahi sai da na cire tabarau na goge. DC-10 na Ghana Airways, irin wanda kakarka Hajiya take nuna maka a sama tana cewa shi ya sace mata ɗa. Kamfanin ya rufe tun 2005, ga shi kai ka tashe shi a kan tebur, tsawonsa bai cika santimita 40 ba tunda a ma'aunin 1/144 yake. Haɗin ya yi kyau, fukafukan sun daidaita. Daga gwangwanin madara da murfin kwalba zuwa nan, an yi tafiya. Kuma ka yi gaskiya, farin jikin jirgi ba ya karɓar buroshi, duk inda gashi ya bi sai ya bar sawu. Lokacin feshi ya yi.

Sai dai ka ɗauko zancen ta wutsiya. Hotunan da ka turo duk na bindigogi ne masu ƙyalli, na Iwata na Japan, na Badger na Amurka, kwamfresa kuwa ka ce kowanne aka samu. A'a. Bindiga mai sauƙin kuɗi da iska mai kyau za ta fitar da kai kunya. Mai tsada da iskar banza tofi kawai za ta riƙa yi maka.

Ga abin da za ka nema: ƙaramin kwamfresa marar mai, mai tanki a ƙarƙashinsa, irin na lita 3 ɗin nan. Marar tanki yana turo iska ne bugu-bugu, sai ka ga layinka yana rawa, kuma injin ba ya hutawa muddin yatsanka na kan kunama, ga zafin ɗakinku. Mai tanki yakan cika ya kashe kansa, in iska ta ragu ya sake tashi. Ko wuta ta ɗauke kana tsakiyar fiffike, ragowar iskar za ta ba ka damar wanke bindiga kafin fenti ya daskare a ciki. Wanda ya yi karatun jarrabawa da kyandir a ɗaukewar wutar dumso ta 2015 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Dole ya zo da abin daidaita ƙarfin iska mai agogo, da kuma ɗan kofin gilashin nan mai tare ruwa. Wannan kofi shi ne maganar Akra gaba ɗaya. Iskar bakin teku cike take da laima, in aka matse ta sai laimar ta koma ruwa ta bi tiyo. Kana cikin shimfiɗa fari lafiya lau, sai ka ji fat, ɗigo ya sauka a tsakiyar aikin mako guda. A watan Yuni, lokacin da rigar da aka shanya take kwana biyu ba ta bushe ba, ka ƙara ƙaramin kofi na biyu a gindin bindigar. Kullum ka gama, ka kwance noti na ƙasan tanki ruwan ya tsiyaye, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi daga ciki ba ka sani ba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ka kife kwali a kan jirgin har ya bushe.

Na ji Dogo ya ce zai aiko maka da kwamfresansa daga Bronx. Ka yi masa godiya, ka ce ya bar shi. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230. Ka jona shi, ka ji ƙauri, shi ke nan. Dogo da kyauta ai kamar yadda ka sani ne, ka tuna rediyon Hajiya.

Ƙananan nan masu caji da masu aski suke fesa baƙi a gefen goshi da su, da na masu ado a kan kek, kada arharsu ta ruɗe ka. Ba su da ƙarfin tura fentin share fage. Shi kuma abokinka da ya ce zai haɗa maka da injin tsohon firiji, gaskiya ne yana aiki, ba ya ƙara, mu ma da irinsa muka fara a shagon Maigida da ya koya mana zane. Amma tankin da aka yi wa walda a bakin titi, babu bawul ɗin da zai saki iska in ta yi yawa, ba zai kwana a ɗakin da ƙannenka suke barci ba. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne.

Kwamfresan a can Akra za ka saya. Nauyinsa ya fi ƙarfin jakar mai tafiya, kuma in ya lalace gara a ce akwai wanda za ka koma wa. Kada ka biya sai an kunna shi a gabanka. Ka tsaya ya cika ya mutu da kansa, sannan ka zuba wa agogon ido. In allurarsa tana sauka alhali ba wanda ya taɓa komai, yana yoyo, ka ajiye musu kayansu.

Bindiga kuwa tawa ce, na riga na saya. Ta Harder & Steenbeck ce, masana'antarsu tana Norderstedt, nan bayan gari. Ba babbar ba, kada ka fara rawar kai. Kofinta a sama yake, fenti yana gangarowa da kansa, ɗigo kaɗan ya ishe ka, wanki ma ba wuya. Kunamarta aiki biyu take yi: ka danna iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo. Iska ce farko, iska ce ƙarshe. In ka saki duka lokaci guda, fenti zai taru a baki ya jira ka.

Ka ce allura 0.2 kake so don layi siriri. Na ƙi. Mai koyo tsakanin 0.3 da 0.5 yake zama. Siririyar nan da ɗan gudaji ta toshe, da ɗan kuskure ta lanƙwashe, bakin kuwa bai kai ƙwayar shinkafa ba, in ya faɗi a simintin tsakar gida sai dai ka yi masa addu'a. Na haɗa maka da allura da baki na ajiya. Kada ka nuna wa kowa.

Ƙarfin iska ka fara daga 15 zuwa 20 a layin PSI, wato kusan ɗaya zuwa ɗaya da rabi a layin bar. Fenti kuma in ya yi kaurin kokon Hajiya ya yi yawa, ka tsinka shi sai ya koma kamar madarar shayi. Ka fara da na ruwa, Vallejo ko Tamiya, kowanne da abin tsinkawarsa. Tinar masu fentin mota na Kokompe tana da zafi, in ta yi yawa tana narka robar jirgi, tana kumbura zoben roba na cikin bindiga. Wutsiyar nan mai ja da rawaya da kore, sai ka shimfiɗa fari tukuna, don rawaya ba ta rufe komai. Kalar da ta fi haske ita ake fara fesawa, a bari ta bushe, a rufe da tef, sannan ta gaba. Baƙin tauraro shi ne na ƙarshe.

Kuma kada ka fara a kan jirgin. Ka tara robobin ruwa da cokulan roba na mai waakye, ka yi ta ɗigo da layi a kansu har hannunka ya daina rawa. Mu da muka riƙa zana fastocin fim a kan buhun fulawa, sai da Maigida ya sa mu wankin buroshi har muka fara tunanin guduwa kafin ya bari mu taɓa fuskar mutum.

In ka sami Asabar, ka hau mota zuwa Teshie, shagon Kane Kwei, inda ake sassaƙa akwatin gawa mai siffar kifi da mota da jirgin sama. Ka tsaya ka kalli yadda suke goge katako da shafe shi kafin kala ta hau. Rabin kyan fenti a nan yake. Kada dai ka gaya wa Hajiya inda ka je, za ta ce na tura ka zaɓar mata.

Takunkumin korona ba ya tare warin tina, sai mai matata a gefe. A baranda za ka yi feshi, ba a ɗaki ba, kuma ba lokacin da uwarka take tuyar ƙosai ba.

Yanzu maganar da ta fi wannan. An ce tun Sallah ba ka leƙa Maamobi ba. Daga Adabraka zuwa can, Kaftin? Tsohuwar da ta riƙa ɓoye maka gwangwanaye a ƙarƙashin gado don kada a zubar? Don haka na ce wa mai kawo saƙon, wanda zai sauka filin jirgin Akra ƙarshen wata, a hannun Hajiya zai damƙa kunshin. Ka je ka karɓa a can. Ka tafi mata da goro daga kasuwar Nima, fari take so, kuma ka zauna ka ci tuwo kafin ka tambayi kaya.

Rabin kuɗin kwamfresa zan turo wa uwarka, rabin kai za ka nema. Ka gaishe ta. Ka gaida babanka da 'yan biyu. In ka gama cokulan, ka ɗauko min hotonsu kafin na jirgin.

Kawunka,
Boga