Maɗacin da Ya Faɗi: Katako Ne Kafin Ya Zama Itacen Girki

Lokaci biyu ne manyan bishiyoyi suka fi faɗuwa a Kano: farkon damina, tsakanin Mayu da Yuni, sa'ad da iska ke riga ruwa isowa, da kuma watan Agusta, sa'ad da ƙasa ta sha ruwa har saiwa ta rasa abin riƙewa. A unguwa irin Dukawuya, a yammacin tsohon birni, inda gida ke jingine da gida, faɗuwar tsohon maɗaci kan zo da katanga a rushe, wayar lantarki a ƙasa, hanya a toshe. Kowa na so a kau da shi kafin la'asar. A wannan gaggawa ake tafka asarar da ba a lura da ita: bishiyar da ta shekara 60 ko fiye tana girma ta ƙare a murhu cikin makonni kaɗan.

Maɗaci ɗan'uwa ne ga itacen mahogani da ake ji da shi a kasuwannin duniya. Katakonsa ja ne, mai nauyi, yana karɓar sassaƙa da goge, ana yin ƙofa da gado da teburi da shi. Yawan saransa ya sa a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a Nuwamba 2022 aka sanya maɗacin Afirka cikin itatuwan da sai da takardar izini ake fitar da su zuwa wata ƙasa. Wanda iska ta kayar masa da maɗaci, dukiya ce ta kwanta a ƙofar gidansa.

Sai dai rai ne a gaba. Idan akwai waya a cikin rassan, ba a matsawa kusa sai ma'aikatan lantarki sun tabbatar an ɗauke wuta. Reshen da gangar bishiya ta danne ɗanannen baka ne. Da zarar an yanka shi sai ya fizgo da ƙarfin da zai karya ƙafa. Saiwar da ta tashi sama da ƙasarta kan koma raminta da zarar an raba ta da gangar, don haka ba a barin yara su shiga ramin. Sannan a san mai ita: ta cikin gida ta magada ce gaba ɗaya, ba ta wanda ya riga fito da gatari ba, ta bakin titi kuwa sai an bi ta hannun mai unguwa da hukuma.

Yankan farko shi ke yanke wa itacen hukunci. Mai injin yankan bishiya, in ba a faɗa masa ba, guntu-guntu zai yi, daidai faskare. Abin da mai gida zai ce masa shi ne, "Malam, rassa na wuta ne, gangar kuma a bar mini ita da tsawonta." Gungume mai mita 2 zuwa 3 yana ba da falankin ƙofa, mai rabin mita, sai turmi ko kujerar tsugunno. A duba inda masu magani suka yi shekaru suna ɗibar sassaƙe, domin ta nan ruɓa ke shiga, a kuma nemi tsoffin ƙusoshin da aka buga, waɗanda ke lalata haƙorin zarto.

Daga nan sai haƙuri. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma ta bakin yanka ruwan ya fi saurin fita, shi ya sa gungume ke tsagewa daga baki. Maganinsa a shafe bakin biyu da fenti mai kauri ko kakin zuma a ranar da aka yanka, a ɗora shi kan bulo don gudun gara. Bayan an tsaga shi a injin 'yan katako, kamar na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, sai a jera falankan a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, a danne saman da nauyi. A ƙasashen sanyi kafintoci kan ba kowane inci na kauri shekara guda. A Kano bushewa ta fi sauri, kuma nan haɗarin yake: hunturu kan busar da fatar katako cikinsa na ɗanye, sai ya dare ko ya karkace. Sauri kan haifi nawa.

Kanawa ba baƙin wannan ilmi ba ne. Magina sun san azarar giginya ce ke ɗaukar rufin soro, masassaƙa sun san ƙirya ta turmi da taɓarya ce, aduwa ta allo, kuka kuwa ganyenta da 'ya'yanta ake so, itacenta ba ya katako. Kowace bishiya da abin da aka san ta da shi. Gidan da ya jira shekara guda zai iya kafa ƙofar zaure daga bishiyar da kakanni suka sha inuwarta. Sauran aiki ɗaya ne: a dasa wata tun damina ba ta wuce ba, nesa da katanga, domin maɗacin da za a mora nan da shekara 60, yau ake haƙa raminsa.