Umrar Kwana Goma: Nawa a Madina, Nawa a Makka?

Da zarar kaka ta yi, an kai wake da riɗi kasuwar Azare, ma'aikata kuma sun sami ɗan hutu, sai ka ji maganar Umra ta tashi a majalisu tun daga Jama'are har Katagum. Galibi abin da aljihun mutum ke iya ɗauka shi ne kwana goma, ga shi kuwa birane biyu ne za a ziyarta. To, nawa za a yi a Madina, nawa a Makka, kuma da wanne za a fara?

Kakanninmu ba su san wannan lissafi ba. Su gabas suke dosa ta Barno da Chadi da Sudan, suna tafe suna noma da ƙwadago, har su haye Bahar Maliya, wani ya shekara biyar bai komo ba. Waɗansu ma can suka zauna, kamar mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Yau jirgin sama ya mai da tafiyar ta 'yan sa'o'i, amma ya bar mu da ƙarancin kwanaki.

Abu na farko, kwana goma a takarda ba kwana goma ba ne a ƙasa. Mutumin Jama'are zai kama hanyar Kiyawa da Wudil zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ya yi jira, ya tashi, ya sauka ya tarar agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu. Wannan rana ta tafi. Ranar komowa ma haka. Ƙaura daga birni zuwa birni, da ɗaure kaya da neman masauki, ta cinye rabin yini. Abin da ya saura a hannu kwana bakwai ne da ɗan ɗoriya.

A nan ne mutane da yawa ke shiga ruɗu. Tsofaffin alhazai sun saba da yin salla arba'in a jere a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, watau kwana takwas cur. Wannan ya dace da mai aikin Hajji wanda ke da wata guda ko fiye. Mai kwana goma in ya ce sai ya cika arba'in, to, Makka zai shiga a guje ya fita a guje. Arba'in ba ta cikin rukunan Umra, malaman hadisi kuma sun yi saɓani a kan ingancin ruwayarta. Abin da ya shahara shi ne salla ɗaya a Masallacin Annabi ta fi salla 1,000 a waninsa, in ban da Masallacin Harami, inda ɗaya ke daidai da 100,000. A ganina kwana uku a Madina, huɗu a Makka, shi ne rabon da ba a zalunci kowanne ba.

Kwana uku sun ishi mai natsuwa a Madina. Birni ne shimfiɗaɗɗe, mai sauƙin tafiya ga tsoho. Da safiya ɗaya ana iya zagaya Masallacin Kuba da Uhudu, inda kabarin Sayyadina Hamza yake, da Masallacin Alƙibla Biyu. Maƙabartar Baƙi'a kuwa tana jikin masallaci. Sai dai shiga Rauda ba kamar dā ba ne, da mutum zai kutsa in ya ga sarari. Ana neman izini ne ta manhajar Nusuk a wayar hannu, a ba ka rana da sa'a. Wanda zai tafi da mahaifiyarsa ya nemi wannan izini da wuri, ya daidaita kwanakin Madina da shi, kada tsohuwa ta komo gida da takaici.

Ni kam na fi son a fara da Madina. Mai farawa da Makka dole ya ɗaura harami tun a Kano ko cikin jirgi kafin a ratsa miƙati, ya sauka Jidda a gajiye, sa'an nan ya fuskanci ɗawafi bakwai da sa'ayi bakwai cikin cunkoso. Wanda ya fara da Madina kuwa ya huta, ya yi wanka a masaukinsa, ya ɗauki niyya a Zul Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, a bakin gari. Har ila yau, daga Makka zuwa filin jirgin Jidda tafiyar kimanin awa guda ce, saboda haka ba a maimaita hanya ranar komowa. In jirgin da aka samu a Jidda yake sauka, ba laifi, domin akwai tashar jirgin ƙasa a cikin filin.

Wannan jirgin ƙasa na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, shi ya sauya lissafin. Yana cin kilomita 450 tsakanin biranen biyu cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, alhali bas kan kwashe awa biyar ko shida. Ya fi tsada, kuma yana ƙayyade kaya, don haka mai lodin dabinon Ajwa da tsarabar 'yan uwa ya yi hattara. Duk da haka, ga mai kwana bakwai rabin yini ba abin wasa ba ne.

Saura Juma'a. A kwana goma mutum zai sami ɗaya, in ya yi sa'a biyu. A duba kalanda tun kafin a biya kuɗin tikiti, kada ranar ƙaura ta faɗo a kanta. A kuma tambayi kamfanin tafiye-tafiye, a rubuce, nisan masaukin Makka da Harami, domin gari ne na duwatsu da hawa da gangara, kuma abin da ɗan kamasho ke kira "kusa" kan zama doguwar tafiya sau biyar a rana ga mai ciwon gwiwa.