Akwatin Ɗan Ludo Mai Ɓacewa: Wanne Ya Dace da Taronmu?



Cikin kayan wasan dabo da Turawa suka ƙera akwai wani ƙaramin akwati da ya haura shekara ɗari yana sa yara ihu a Ingila da Amurka. Na katako ne, mai ɗaki biyu a jere da ƙofa huɗu, biyu a gaba, biyu a sama. Abokan aikinsa su ne hula mai zurfi da ƙaton ɗan ludo, wato ɗan dunƙulen nan mai fuska shida da ɗigo daga ɗaya zuwa shida. Mai wasa zai sa ɗan ludon a ɗaki guda, ya rufe, ya ce ya ɓace. Sai ya karkata akwatin, kowa ya ji ƙwas, ya buɗe ɗaki ɗaya a ga babu komai. Ya rufe, ya karkata ɗaya gefen, a sake jin ƙwas, ya buɗe ɗayan. Nan yara ke miƙewa suna cewa sun gano shi, ya buɗe duka biyun. Zai yi ta jan rai kamar wanda asirinsa ya tonu, daga bisani ya wangale ƙofofin nan huɗu. Wayam! Ɗan ludo kuwa yana cikin hula.

Abin da ya haɗa mu da wannan akwati shi ne, samarin unguwarmu a nan Kumasi sun nemi a sayo shi da kuɗin gudummawa, domin nishaɗantar da yara ranar bikin rufe makaranta. Dattijonmu bai ƙi ba, amma ya gindaya sharaɗi biyu: a bayyana wa manya yadda abin yake aiki don kada gobe a ce mun shigo da sihiri cikin yara, kuma kada a saya sai an tantance, domin kuɗin jama'a amana ne.

Sharaɗin farko bai ba mu wuya ba. A irin da aka fi sani, ɗan ludon yana sanye da kwanso siriri mai kama da shi sak, wanda ɓangarorinsa biyu a buɗe suke. Tun farkon wasa ake sa su tare a hula, a zaro kwanson kaɗai, na gasken ya zauna a can. Cikin kwanson baƙi ne kamar cikin akwatin, don haka idan aka buɗe ƙofa ido ba ya rabe su. Ƙarar da ake ji kuwa ta wani ɗan nauyi ce da ke zamewa a ɓoye cikin gindin akwatin. Ba aljani, ba tsafi, aikin kafinta ne da saurin hannu. Su ma Turawa sun sha wannan ruɗani. A shekarar 1584 Reginald Scot ya wallafa littafi a Ingila, inda ya tona dabarun masu rufa-ido don ya nuna cewa ba maita ba ce. A 1876 kuma wani lauya, Angelo Lewis, ya fitar da littafinsa Modern Magic da sunan Farfesa Hoffmann, wanda ya koyar da irin waɗannan wasanni a fili ga duk mai so.

Sharaɗi na biyu shi ne ya sa muka zauna har sau uku. Mun fara da girma. Akwai mai ɗan ludo na inci 2, akwai na inci 3. Ƙaramin ya fi araha, amma wasan falo ne. Taronmu a fili ake yin sa, kuma yaron da ke sahun baya yana da haƙƙin gani daidai da ɗan gaba.

Sai abin da aka ƙera shi da shi. Na roba ba ya nauyi, ba ya tsada, sai dai ƙararsa ba ta kai nesa. Na katako yana da amo, amma mun san halin ƙasarmu: da damina katako ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa, da hunturu ya bushe ya tsage. Dole a duba ingancin haɗinsa da maƙalan ƙofofinsa, domin ƙofar da ta buɗe da kanta ta gama da wasan.

Abu na uku shi ne ƙarar. Wannan wasa kunne yake yaudara kafin ido. Idan nauyin ya yi ƙarar ƙarfe alhali ɗan ludon na katako ne, yaro mai lura zai yi shakka. Haka nan ɗigon kwanso dole ya dace da na ɗan ludon, domin masu buga ludo sun san fuska biyu masu juya wa juna baya bakwai suke haɗawa, ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu.

Akwai kuma mai ƙofa ninki biyu, wadda aka liƙa wa fuskar ɗan ludo, ta yadda za a nuna kamar yana nan sannan a ɓatar da shi. Yana da kyau, amma ya fi tsada kuma yana buƙatar gwaninta. Sannan mun tuna cewa mu da'ira muke yi a taro, alhali an ƙera akwatin ne don masu kallo daga gaba. Ke nan dole mai wasa ya jingina da bango.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba katako ba ne. Masu wannan sana'a a Turai suna lissafa shi cikin wasannin da ake barin mai kallo ya ɗauka ya gano, sannan a kunyata shi. Ana iya yin sa ta yadda za a nuna yaro ɗaya a yi masa dariya, ana kuma iya yin sa ta yadda kowa zai yi wa kansa dariya tare da kowa. Na farkon ba mu yarda da shi ba. Yaron da aka muzanta a gaban iyayensa zai daɗe bai sake ɗaga hannu a aji ba.

Darasin da ke cikin akwatin nan ya fi kuɗinsa. Yara ba su ga ɗan ludo yana zamewa ba, ƙara suka ji, zuciyarsu ta cike sauran. Wanda ya tabbata ya gano dabara shi ya fi saurin faɗawa. Da wannan hanya masu ninka kuɗi da 'yan damfarar waya suke cin dukiyar mutanenmu: su bar ka ka ɗauka kai ne mai wayo.

Daga ƙarshe mun tsaya a kan na katako mai ɗan ludo na inci 3, marar ƙofa ninki, da sharaɗin mai wasa ya faɗa wa yara tun farko cewa dabara ce, kuma kada ya kama sunan kowa. Idan a unguwarku an taɓa fuskantar irin wannan zaɓi, muna son jin yadda kuka yi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare mu daga ruɗin ido da na kunne. Wassalam.