Haɗejiya: Daga Fadama Zuwa Ɗakin Gwaji

Mai bin hanyar Auyo da rani zai tarar da kore shar inda ya zaci ƙura: shinkafa da alkama, ruwa na bin magudanai, ciyawar kachala ta shaƙe wasu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar Haɗejiya ta ragu, noman ban-ruwa ya samu gindin zama. Aiki ne mai cin jiki, kuma a nan, kamar sauran wurare a Arewa, akwai 'yan ƙwadagon da ke haɗiyar ƙwayar tiramol don kashe gajiya. Kodin kuwa, a 2017 an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi.

To, yaya ake gane abin da mutum ya sha? A gari an fi sanin ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari. A ganina an cika yarda da shi. Zato kawai yake bayarwa, kuma tsinken da ke kama kodin ba ya ganin tiramol, sai an nemo nasa na musamman.

Tabbaci sai an tsamo ƙwayar daga jini ko fitsari, yadda matan Haɗejiya ke sheƙe shinkafa su raba ta da ƙaiƙayi. Idan jini ne, akan zuba masa metanol, furotin ya dunƙule, inji ya juya shi har ya kwanta a ƙasa. Wani lokaci a girgiza samfurin da ruwan sinadarin da ba ya gauraya da ruwa, ƙwayar ta koma cikinsa. Ko a bi da shi ta ɗan bututu mai gari wanda ke riƙe ta, a wanke datti, sannan a kwance ta a auna.

Fitsari na riƙe shaidar kodin kwana 2 zuwa 3 ne. Gashi, da ke tsiro kusan santimita 1 a wata, yana ajiye ta watanni. Ga kuma zafin Afrilu, da ke haura digiri 40: samfurin da za a kai Dutse ko Kano dole ya yi tafiyar cikin ƙanƙara.