Uwargida, Kada Tabon Hijabi Ya Hana Ki Shafa Wa 'Yarki Man Rana



Duk wadda ta zauna a ƙasar Yauri ta san ranar bazara ba abar wasa ba ce. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, mu kuwa na bakin ruwa duka biyu muke sha: ga ranar da ke sama, ga wadda ruwa ke maido mana a fuska. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya malale ya zama tafki, rayuwar mutanenmu daga Yelwa zuwa Wara ta Ngaski, har ƙauyukan Shanga da ke gaɓar Kwara, ta rataya ne a kan jirgi da su da noman fadama, kuma duk a rana ake yin su.

Mafi yawanmu Allah Ya ba mu fatar da ke jure wannan. Amma akwai yaran da ba su da wannan garkuwa, wato zabiyoyi. Jikinsu ba ya yin isasshen sinadarin da ke ba fata launi ya tare mata rana. Gado ne da ke zuwa ta wajen uwa da uba duka, ba laifin kowa ba ne, ba kuma aikin aljanu ba. Rana tana ƙona su, ƙunar yau da gobe kuwa ita ke komawa gyambo, daga nan sai ciwon dajin fata. Saboda girman matsalar ne a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga watan Yuni don wayar da kai a kan zabiyoyi. Likitoci kan ce a rufe musu jiki da kyau, a kuma riƙa shafa musu man kariya daga rana mai lambar SPF 50.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata ɗalibata zabiya a Islamiyyar da nake koyarwa. Kayan makarantarmu farin hijabi ne. Na lura kuncinta da goshinta sun yi jajur suna saɓa, alhali na san ana shafa mata mai. Da na samu mahaifiyarta sai ta ce: "Wallahi Malama hijabi biyu man nan ya lalata mini. Bakin fuskar duk ya koma ruwan ɗorawa, na sa Hypo abin ya ƙara ja. Yara na ce mata ƙazama, ni kuma ina tsoron ko sallarta ba ta yi da shi. Shi ne na daina." Uwa ce mai tsafta da kula, tsaftar ce ma ta kai ta ga yanke wannan shawara. Na tabbata ba ita kaɗai ba ce, domin yanzu amare da 'yan mata da masu zuwa aikin Hajji duk suna shafa irin wannan mai, kuma kukan ɗaya ne.

Bari mu fara da maganar sallah, tunda ita ta fi nauyi. Wannan tabo ba najasa ba ne. Mai ne mai tsarki ya bar launi a tufa, kamar yadda goro ko manja ke bari. Sallah da hijabin ta inganta, kada shakka ta shige ki.

To me ke kawo tabon? Abu biyu ne suka haɗu. Na farko maiƙo, wanda ke kama zare ya riƙe ƙura. Na biyu wani sinadari da ke cikin yawancin irin waɗannan mayuka, a jikin robar za ki ga an rubuta shi avobenzone. Shi kansa ba ya da wani launi sosai, amma idan ya gamu da ƙarfen da ke narke cikin ruwa sai ya zama kamar tsatsa. Shi ya sa za ki cire hijabi fes, sai bayan wanki tabon ya bayyana. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da wannan ƙarfe. Idan kin ga ruwanki na barin ja-ja a gindin bokiti ko randa, to shi ne. Hypo da Jik kuwa ba sa cire tsatsa, ƙara kafa ta suke yi. Haka kanwa da ruwan toka. Abin da ke narkar da tsatsa shi ne tsami.

Ga yadda za ki yi. Da farko ki yaƙi maiƙon tun tufar tana bushe. Ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke a kan wurin, ki murza a hankali da yatsa, ki bar shi kamar minti 15, sannan ki ɗauraye da ruwan sanyi. Idan tabon sabo ne, sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Idan launin ɗorawa ko na tsatsa ya rage, sai ki matse lemun tsami a kansa har ya jiƙe sharkaf, ki barbaɗa gishiri ya rufe shi, ki ajiye awa 1 zuwa 2. Tsohon tabo kuwa a bar shi ya kwana. Ki kakkaɓe gishirin, ki ɗauraye sosai, sannan ki wanke da omo ko sabulu yadda kika saba. In bai fita duka ba ki maimaita, domin wanda ya sha guga yakan buƙaci sau biyu ko uku. Idan shadda ce mai tsada ko rigar maigida mai aiki, ki fara gwadawa a cikin kalmasa inda ido ba ya gani.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon ki kiyaye. Kada ki kuskura ki haɗa lemun tsami da Hypo, ko ki zuba ɗaya a kan ɗaya ba ki ɗauraye ba, domin suna fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, balle a banɗaki mara taga. Kada ki ɗora dutsen guga sai kin duba cikin haske kin ga tabon ya tafi, don zafi na dafa shi cikin zare. Sannan ki wanke hannunki da sabulu bayan matsar lemun, saboda ruwansa idan ya zauna a fata rana ta buga yana ƙonawa. Ita zabiyar kuwa kada ma ki ba ta wannan aiki.

Sai batun ruwan wanki. Ruwan sama ya fi kowane, don haka in damina ta zo ki tara na farin kaya daban. Na burtsatse ki ɗebo ki bar shi a buɗe ya kwana, ki tsiyaye na sama ki zubar da na ƙasa. Ruwan Kwara kuma lokaci biyu gare shi, kamar yadda masunta suka sani: farin ruwa na damina mai laka, wanda ke dusasar da farin kaya sai an kwantar da shi da alif, da baƙin ruwa da ke isowa da hunturu, wanda ya fi garau. Bula tana ƙara wa fari haske, amma ba ta cire tabo, sai bayan ya fita ake sa ta.

Rigakafi kuwa ya fi sauƙi. Ki shafa wa yarinya man minti 15 zuwa 20 kafin ta sa hijabi, ya samu ya shiga fata. Dama haka likitoci ke so a yi kafin a fita rana. Ki sa mata hular ciki ko tsohon ɗankwali ya tare bakin fuskar. In za ki sayi sabo, ki tambayi mai kemis irin na zinki wanda babu wancan sinadari a ciki. Shi farin shafi yake bari, sabulu na fitar da shi. Idan kuma za ta daɗe a waje, a ƙara shafawa bayan kowace awa 2.

Ga 'yan uwana malamai, mu ma da namu. Mu zaunar da irin waɗannan yara a inuwa, kusa da allo saboda raunin ganinsu, mu tsawata wa masu tsokana, kada kuma mu kori yarinya don bakin hijabinta ya yi ɗorawa ba mu tambayi dalili ba.

Farin kaya abin so ne, Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da sanya shi. Amma hijabi in ya ƙi wankuwa ana yanko wani yadin a kasuwar Yelwa, fatar ɗiya kuwa babu kasuwar da ake sayar da ita. Duk ƙurjin da ya ƙi warkewa a jikin zabiya, ko tabon da ke girma yana jini, a garzaya asibiti, kada a tsaya shafe-shafen gida.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.