Gwadon Inna Da Kujerar Fata

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk gidan da aka ajiye kujerar fata a falo an san wata 'yar wahala wadda ba a kai ƙararta ko'ina, watau a shimfiɗa bargo bisa kujera da safe, kafin azahar ya sulale ya taru a gindinta. A gyara, baƙo ya zauna ya tashi, a sake gyarawa. Tun shekarar 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kujerun kushin suka yawaita a gidajen birane, wannan ɗawainiya kuwa ta biyo su, ta kuma fi tsanani ga kujerar fata. Ba domin ado kaɗai ake rufe ta ba. Da hunturu fata sanyi gare ta kamar randa, da bazara kuwa sai ta manne wa jikin mai gumi, ga kuma ƙura da ƙiriniyar yara.

Yawanci abin dariya ne, amma a wani gida a Jos ya kusa zama abin kuka. Maigidan ma'aikaci ne, ya yi adashi na shekara guda cur kafin ya sayi kujerun. Ba a daɗe ba mahaifiyarsa ta zo daga ƙauyensu na ƙasar Katsina domin neman maganin ciwon gwiwa, ta kuwa iso cikin watan Disamba, lokacin da sanyin Jos ke shiga har ƙashi. Uwargida, don girmama surukarta, ta sayo sabon bargo mai laushi irin na zaren roba, ta shimfiɗa mata bisa babbar kujera. Tsohuwar ta zo da nata gwadon, saƙar hannu, wanda marigayi mijinta ya saya mata, amma ɗanta ya ga ya tsufa, bai dace da falo ba, sai aka naɗe shi aka sa a akwati.

Ran nan da magariba ta yunƙura za ta yi alwala, ta dafa hannun kujera, bargon ya zame da ita, sai ga ta a ƙasa bisa kwatangwalo. Allah ya kiyaye ba ta karye ba, amma daga ranar ta daina fitowa falo. Uwargida ta yi lallashi, ta ce, "Inna, don Allah ki fito ki sha hira, yara suna ta tambayarki." Ta amsa, "'Yar nan, bar ni da tabarmata. Kujerar mijinki ba ta son baƙo." Gida ya yi tsit. Jikoki suna kallon talabijin a falo, kakarsu tana ɗaki ita kaɗai tana jan carbi.

To, me ke sa mayafi zamewa? Fatar da majemanmu suke jemewa da bagaruwa, irin ta jar akuyar Sakkwato wadda ta ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ba a shafe fuskarta da wani abu mai kauri. Ta kujera kuwa galibi ƙirgin shanu ne da aka jeme da sinadarin kurom, dabarar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1884. Bayan jima sai a fesa mata launi, kana a bi da wani siririn rufi na roba domin kada ruwa da maiƙo su shige ta. Wannan rufin shi ne sulɓin da hannu ke ji. Da yawa ma daga cikin kujerun da ake sayarwa da sunan fata leda ce zalla aka manna wa ƙyalle, ita kuwa ta fi santsi. Idan aka ɗora bargon zaren roba, wanda shi ma santsi gare shi kuma ba shi da nauyi, babu abin da zai riƙe wani. Duk motsin mai zama sai ya ja shi gaba kaɗan, ba kuwa abin da zai mai da shi baya.

Maƙwabta suka kawo shawarwari. Wata ta ce a soke bargon da fil, wani ya ce a shafa gam, wata kuma ta ce a sa shimfiɗar roba irin wadda ake sa wa darduma. Uwargida ba ta yi gaggawa ba, ta aika aka kira kafintan da ya kawo kujerun. Ya ce mata, "Hajiya, ƙyalle idan aka soke shi zare yakan koma wurinsa, amma hujin fata ba ya rufewa, daga nan yagewa ke farawa. Gam kuma ranar da za a ɓamɓare shi da launin zai tafi." Game da shimfiɗar roba ya yi kashedi cewa wata irin takan narke ta manne wa fuskar fata idan ta daɗe cikin zafi, ta bar tabon da sabulu ba ya fitarwa. Shawararsa guda ce, a yi wa mayafi aiki, a ƙyale fata.

A nan ne uwargida ta tuna da gwadon da ke akwati. Ashe da tsohuwar zuma ake magani. Auduga ce mai kauri, ga nauyi, ga kaushin saƙa, kuma ya sha wanki shekara da shekaru har ba sauran rinin da zai zuba. Wannan kuwa muhimmi ne, gama sabon zane mai shuni, irin wanda ake fitarwa daga karofin Ƙofar Mata, yakan bar baƙi a jikin fata mai haske, kamar yadda yake bari a jikin mai ɗaura shi. Ta nemi izinin Inna, ta kai wa tela, ya ɗinka masa maɗauri huɗu a kusurwoyi, aka zagaya da su aka ɗaure a ƙafafun kujera ta baya. Aka tura tsakiyar gwadon can cikin lungun da ke tsakanin mazauni da majingina, sa'an nan aka cusa dogon yankin soso a kansa ya danne shi. Hannun kujera kuwa, inda tsohuwa ke dafawa, aka bar shi a buɗe, domin tafin hannu ya fi kama fata tsirara bisa ga ƙyallen da ke iya gudu.

Da aka gama, maigida da kansa ya je ƙofar ɗaki ya durƙusa, ya ce, "Inna, gwadon Baba yana falo yana jiranki." Ta fito tana dogara sanda, ta shafa shi, ta ja shi da ƙarfi ta ga bai motsa ba, kana ta zauna. Daren nan jikoki sun sha tatsuniya har barci ya kwashe su.

Duka aikin bai wuce ladan tela da guntun soso ba. Wanda ba shi da gwado, luru ko wani saƙi mai nauyi zai wadatar, in dai ya fi kujerar faɗi yadda za a sami abin cusawa, gama gajeren mayafi ba ya zama ko an yi masa me. Har ila yau ya kamata a riƙa kwance shi mako mako a kakkaɓe, a goge fatar da tsumma mai laushi, saboda yashin da ke taruwa a ƙarƙashi yakan kankare ta a hankali. Gidan da ke da tsoho ko mai juna biyu, kada a jira sai wani ya faɗi kafin a duba abin da ke shimfiɗe bisa kujera.